A Ba Ni Irin Takardar Bala

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da Litinin ɗin da na miƙe a taron ma'aikata ina neman “haƙƙina” ba.

A wani injin casar shinkafa nake aiki a Gummi, ni ke riƙe da makullin sito. Bala kuwa shi ke kan sikeli. Rana ɗaya aka ɗauke mu, rana ɗaya muka sa hannu a takardar yarjejeniyar aiki (ni dai inda aka nuna mini da yatsa na sa hannu, na ninke ta na jefa a akwati, shekara biyar ban waiwaye ta ba). Tun daga ranar idona ke kan Bala. In ya sayi takalmi sai na dubi nawa. Da ya canza babur, kwana biyu tuwo bai yi mini daɗi ba.

Wata Alhamis Manaja ya kira shi ofis ya rufe ƙofa. Can sai ga Bala da farin ambulan, Manaja har da rako shi, hannu a kafaɗa. Ni kuwa ko “sannu da ƙoƙari” sai da rabo. Washegari Bala bai zo ba. Na lallaɓa wurin kashiya, ta ce an ba shi albashin wata guda cif, kuma ba sai ya zo ba. Daga nan ta kama bakinta.

Wata guda a gida, ga albashi a aljihu! Wallahi hassada ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Na shiga raɗa wa mutane cewa Bala ƙwan zabi yake kai wa Manaja (ban taɓa gani ba, amma da na faɗa sau uku sai ni ma na yarda). Har na sayi kwalbar man shanu na kai nawa gaisuwar. Manaja ya yi godiya, ambulan dai shiru.

Ranar Litinin aka yi taro. Bala ya zo mayar da makullin ɗakin sikeli, ya raɓe a baya. Da aka ce ko akwai mai magana, na miƙe na gyara hula.

“Ranka ya daɗe, rana guda anka ɗauke mu ni da Bala. Doka ba ta yarda da bambanci ba.” (Kada a tambaye ni wace doka, a rediyo na taɓa jin wani abu mai kama da haka.) “Abin da anka ba shi, ni ma a ba ni.”

Manaja ya cire tabarau. “Ka san mi anka ba shi?”

“Na sani sarai.”

“Kuma irinta kaka so?”

“Irinta, ba ragi.”

Na hango Bala yana girgiza mini kai. Na ce a raina, ga shi nan, ba ya son kowa ya samu.

Manaja ya dubi Bala ya ce, “In hwaɗi?” Bala ya sunkuyar da kai, ya ce a faɗa.

“Shinkahwa ta yi ƙaranci bana, dole munka rage mutum guda. Yarjejeniyarku ta ce wanda ya shekara biyar, in za a sallame shi, a ba shi sanarwar wata guda ko albashin wata a madadinta. Takardar sallama ce munka ba Bala. Shi ya roƙi a ruhwa mai asiri har ya samu wani wuri, don Innarshi na da hawan jini.” Ya mayar da tabarau. “To, a buga maka taka yanzu, ko bayan azahar?”

Wani ya yi tari. Kashiya ta rufe fuska da mayafi. Ni dai ban san lokacin da na zauna ba, sai ji na yi bakina yana cewa, “Ai shawara ce nika bayarwa.” Ga mata da 'ya'ya uku a gida, na tsaya gaban mutane ina roƙon a kore ni!

Abin da ya fi ci mini rai, kafin la'asar labari ya kai kunnen Innar Bala. Asirin da ya riƙe kwana huɗu, ni na tona shi a minti biyu.

Na je gidansu don in ba shi haƙuri. Bala ya bar ni na gama kame-kamena, sannan ya ce, “Na yahe maka. Amma zancen ƙwan zabin nan ya ba ni haushi. Da na kai, ai da ina nan. Kai da kak kai man shanu, ba ga ka ba?”

Ranar na zazzage akwati na karanta yarjejeniyata daga farko har ƙarshe. Maganar sallamar na nan a shafi na biyu, daidai saman sa hannuna.

Bala yanzu yana awo a wurin wani ɗan kasuwa a Bukkuyum. Ni kuma har yau in na ga an rako wani daga ofis da ambulan, zuciyata takan ɗan motsa. Sai in taɓa makullin sito a aljihuna, in ja bakina in yi shiru.