Uwa Ɗaya Uba Ɗaya a Falon Mma Adiza

Ba zan taɓa mantawa da jajibirin auren Fati ba, ko na so in manta ma matan unguwar Buokrom, inda aka yi bikin, ba za su bar ni ba.

Ni tela ce a unguwar Tafo, amma a dangi ba da ɗinki aka san ni ba, da fassarar fim aka san ni. Duk gidan da aka kunna talabijin aka ji Turanci, sai a ce a kira ni. Turancin nawa kuwa bai taka kara ya karya ba, rabi na makaranta ne, rabi ƙarfin hali da gishiri (Allah ya yafe mini, na sha aurar da mutanen da mai fim bai aurar ba).

Fati ita ce autar Mma Adiza, yayar mahaifiyata. Mma tana da ɗa namiji guda, Razak, yana aiki can garin Takoradi. Ya yi shekaru bai leƙo gida ba, bai yi aure ba, kuma ana ƙus-ƙus a kansa, irin maganar da ake yankewa in uwarsa ta shigo. Baffansa ya riga ya yanke hukunci cewa ba za a kira shi bikin ba, kada ya zubar musu da mutunci a gaban surukai. Ni kuwa da bakina da ba ya da linzami, da safen ranar na ce mata, "Mma, ƙanwa ta riga yaya, yaushe za mu ci na Razak?" Ta ci gaba da tsince wakenta kamar ba ta ji ba.

Da la'asar muna tsakar gida muna gyaran wake da albasar waakye na gobe, wato shinkafa da wake, sai ruwa ya tsuge. Muka kwashi farantai muka cika falo, har da Hajiya Balki, gwaggon ango, wadda ta zo taya mu aiki. Wata ta kunna talabijin, aka dace wani fim ya fara. Aka tambaye ni ko na taɓa ganinsa.

Na ce, "Wannan? Ai har na gaji da shi."

Ban taɓa ganinsa ba.

Labarin wani saurayi ne mai kunya, uwarsa tana ta kawo masa 'yan mata yana zillewa. Yana da aboki guda da ba sa rabuwa. Na gyara zama na ce asiri aka yi masa, su zuba ido, waccan mai jan gyale zai aura. Aka yi ta jinjina mini, ni kuwa kaina sai ƙara girma yake.

Can sai ga su biyu a cikin mota, abokin ya riƙe hannunsa, suka kalli juna irin kallon da ba ya bukatar tafinta. Ga tsofaffi, ga surukai, ga Mma Adiza a gefena. Maimakon in ce jama'a ban san fim ɗin nan ba, sai na ji bakina ya ce, "Yayansa ne! Uwa ɗaya uba ɗaya, tun suna yara aka raba su."

Hajiya Balki ta dafe ƙirji. "Allah sarki, zumunci!"

Memuna, mai sayar da tumatir a kasuwar Race Course, ta karkace kai ta ce, "Ei, wane irin ɗan'uwa ke nan? Ni nawa bai taɓa kallona haka ba koraa, ko sau ɗaya."

'Yan matan amarya suka cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunsu na rawa. Su sun ji Turanci sarai, amma ba wadda ta cece ni. Ita ƙarya kuwa ba ta zama ita kaɗai, sai ta haihu. Abokin ya yi wata doguwar magana yana hawaye, na ce rigimar gonar babansu ce. Saurayin ya share masa hawayen, na ce ya yafe masa gonar. Gumi ya jiƙa mini ɗankwali, ga shi ana ruwa.

Daga nan aka nuno saurayin tsaye a ƙofar kicin, uwarsa ta juya baya tana tuƙa abinci. Ya buɗe baki ya rufe, sannan ya yi magana can ƙasa. Na fara, "Ya ce yunwa yake…"

Mma Adiza ta ajiye farantin wake.

"Ke, isa haka. Ban jin Turanci, amma ina da ido. Wannan ba ɗan'uwansa ba ne, ke ma kin sani. Faɗa mini abin da ya gaya wa uwarsa, kada ki sa mini gishiri."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, wallahi da na shige har da takalmina. Na sunkuyar da kai na faɗi gaskiya, karo na farko tun da aka kunna fim ɗin.

"Ya ce, Mma, in kin san ko ni wane ne, zan ci gaba da cin abinci a gidan nan?"

Uwar cikin fim ba ta juyo ba.

Sai falo ya kaure. Hajiya Balki tana a'uzubillahi tana cewa a kashe abin nan. Memuna tana tafa hannu, "Ban faɗa ba? Ban faɗa ba?" Wata ta ce haram dai haram ne, wata ta ce ita kam yaron ya ba ta tausayi sosai paa. Mma ta ɗaga hannu ta ce a bar shi. Ta kalle shi har ƙarshe, ba ta ƙifta ido ba, ina yi mata fassara da 'yar ƙaramar murya irin ta wadda aka kama da hannu cikin tukunya.

Da ya ƙare ta ce, "Hisabi na Allah ne, ba nawa ba. Amma matar nan, ita ta ɗauki cikinsa, ita ta goya shi, ta kasa juyowa ta dube shi?"

Ta kwance bakin zaninta ta ciro waya ta miƙo mini. "Ke mai baki, nemo mini Razak."

A gaban surukai fa. Na danna lambarsa. Ta karɓa ta kara a kunne.

"Razak, ni ce. Gobe awuren ƙanwarka. Ban tambaye ka komai ba. Ka hau mota ka zo, zan ajiye maka ƙanzo."

Ban ji abin da ya ce ba. Na dai ga ta goge ido da gefen mayafi, ta jawo farantinta ta ci gaba da tsintar wake. A rayuwata ban taɓa ganin jarumta irin wannan ba, kuma ni da nake taƙama da sanin jaruman fim.

Washegari Razak ya zo, ya rame, yana ta raɓe-raɓe a bakin ƙofa. Mma ta kamo hannunsa ta ratsa taro da shi, ta zaunar da shi, ta zuba masa abinci da kanta. Baffansa ya harare ta, ta rama, shi ya fara kawar da kai. Ko ƙus-ƙus ɗin gaskiya ne, ban sani ba, ban kuma tambaya ba (wannan ma abin a rubuta ne a tarihina).

Har yau in na shiga Buokrom, sai wata ta ƙwala mini kira daga taga, "Uwa ɗaya uba ɗaya!" Na haƙura, ni na saya da bakina. Yanzu in an tambaye ni ko na ga fim, cewa nake ban gani ba, ko da na gani. Na kuma daina yi wa tsofaffi ƙarya don kare musu zuciya, domin wadda na yi wa ƙaryar, tata ta fi tawa faɗi nesa ba kusa ba.