Fim ɗin Hazim da Kwandon Teta

"A buɗe hanya, a sunkuyar da kai. Ga Sitt Ni'imat, mai barandar hawa na uku, fitilar unguwar Shubra, wadda ta binne miji ɗaya ta kori sauran, take zaman jirana."

Da wannan kirarin Hazim ya shigo wa kakarsa, wadda yake kira Teta, da hantsi. Tana baranda tana tsinke ganyen lalo, kwandon da take zura wa masu talla da igiya na rataye a gefenta. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta auren wanda makaranta ta gaji da shi, ya nemi tsohuwar da ba ta gani sosai.

Ya ja kujera ya ce ta yi a hankali da bakinta, gobe zai gana da wani da ya san wani mai shirya fina-finan talabijin, kuma labarin da zai kai masa sai ya hana Alƙahira barci. Wani yaro ne zuciyarsa ta maƙale wa wata yarinya. Wata da watanni yana tsayawa tsallaken gidansu, ya san lokacin fitarta, yana bin ta har wajen darasi, ba wanda ya taɓa lura da shi. A ƙarshe ya shiga gidan ya ɗauke gyalenta.

"A wane gari?" in ji ta. "Mai gadin gidan mutuwa ya yi?"

"Barci yake, Teta."

"Matarsa fa? Mai guga na bakin layi fa? Mu da ke baranda duk makancewa muka yi? Jiya burodi kawai na zura wa kwando, ya hau min da burodin da labarin sakin 'yar mahauci."

Hazim ya ce ita matsalarta ba ta san fim ba, a fim mutane ba su da sa ido irin nata. Ta ce to a bar wannan, mene ne sunan yarinyar? Ya ce ba ta buƙatar suna, kyakkyawa ce, ba ta magana. Ta tambaye shi ko tana da uwa, ko tana jin yunwa, me take so ta zama. Duk bai tanada ba.

"To ai wannan labule ka rubuta, angona, ba mutum ba."

Ya yi dariya, ya ce kishi ne ke cin ta. Ita ba ta yi ba. Ta ajiye ganyen, ta goge hannu a zaninta, ta ce bari ta taya shi. A sa mata suna Rawan, 'yar mai kantin magani na layin baya. A ce injiniya take so ta zama, jarrabawarta ta ƙarshe saura wata guda. A ce kuma ubanta ya hana ta zuwa darasi, saboda wani dogon yaro mai rawayar riga da ke tsayawa gaban mai ruwan rake. Wannan ma kwandon ne ya hau mata da shi.

Hazim ya dubi rigar jikinsa. Rawaya ce. Da can yana ganin ba wanda ya san da tsayuwarsa sai shi da zuciyarsa.

"Ko magana ban taɓa yi mata ba," ya ce a hankali.

"Shi ya sa ba ta san abin da kake nufi da ita ba. Tsoron da kake son sayar wa masu kallo, ita ce take kwana da shi."

Ya juya ya kalli titi. Mai gadin gidan da ke tsallake ya ɗaga masa hannu, har da kiran sunansa. Hazim ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ta ci wannan, amma ta faɗa masa yadda fim ɗin zai ƙare. Ta ce yaron ya daina bin layin, kakarsa ta aika wa uban da magana, yarinya ta koma darasi.

"Teta, wannan ai ba wanda zai kalla."

"Ni zan kalla daga nan. Riƙe min igiyar, ga mai tumatir can."