Motata da Farar Rigar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Shagari ba, ko da na so in manta, don har yau in na ga hayaƙi yana fita daga salansar mota sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Ni tela ne a Bodinga, kuma in faɗa muku gaskiya, na iya ɓoye aibi. In almakashi ya zarce a yadin mutum, na san yadda zan tura wurin cikin kalmasa, mai riga ya sa ta har ta tsufa bai sani ba. Wannan gwanintar ce na ɗauka na kai wa mota.

Motar tsohuwa ce tun ranar da na saye ta, shi ya sa matata Hadiza ta raɗa mata suna Kaka. Ta yi mini bauta, ba zan ci amanarta ba. Ita ke ɗauko mini yadi daga Sakkwato, ita ta kai Hadiza asibiti a haihuwa biyu. Sai bara da damina ta fara shan baƙin mai kamar an huda ta, tana tafe tana barin shuɗin hayaƙi a baya. In kuwa ta yi zafi, sai injin ya shiga ƙwanƙwasa kamar wani na buga ƙofa daga ciki.

Na kai ta wurin Ummaru bakanike. Ya kasa kunne, ya zura yatsa cikin salansa, ya nuna mini baƙin da ya fito da shi.

"Tela, ringin cikin inji sun tahi," in ji shi. "Ko dai mu sauke inji mu yi mata aiki na gaskiya, ko ka rabu da ita tun ba ta buga ba. Amma kak ka tsaya jan lokaci."

Na kuwa ja lokacin, sati shida cur. Da safe in tashi da niyyar gyara, kafin azahar na koma sayarwa, da la'asar kuma in tuna haihuwa biyun nan in ji tausayinta. Ina cikin ɗinki sai in miƙe, in fita in zagaya motar, in buɗe bonet in tsura wa injin ido (ni da ban san komai a ciki ba sai wurin zuba ruwa). Babu wanda ban tambaya shawara ba, har mai shayin bakin shagona, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba. A cikin satittikan nan ne na ɗinka wa wani bawan Allah wando da aljihu yana kallon baya.

Hadiza ta gaji. "Malam, don Allah ka tsai da magana guda," ta ce. "Jiya kac ce gyara, yau ka ce saidawa, ga tuwo nan ya huce ba ka ko dube shi ba."

Abin da ya raba gardama shi ne kwaɗayi. Akwai keken ɗinki mai yin aikin wuyan riga da na daɗe ina mafarkinsa, kuma na san in Kaka ta shiga gareji, da kuɗin keken za ta fito. Sai na yanke sayarwa. Matsalar ita ce, wa zai sayi mota mai tari? A zaman gareji na taɓa jin ana cewa in aka haɗa man giya mai kauri a cikin inji, ƙarar takan lafa, hayaƙin ma ya ragu na 'yan kwanaki. Na je wa Ummaru da maganar a hankali. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Ni ba ni yin wanga aiki," ya ce.

Na ji haushinsa ƙwarai. Na koma gida, na shiga bayan katanga da mazurari, na yi da hannuna. Da na tada ta, Kaka ta yi luf, har na ji ina alfahari da kaina.

Dillalin da na samu shi ne Malam Shehu. Asalinsa dillalin shanu ne, amma in ka ba shi gona ko firji zai nemo maka mai saye. Kwana biyu ya dawo ya ce akwai wani dattijo a Shagari da ke neman mota, sai dai ba ya son a faɗi sunansa tukuna. Mun daidaita a kan farashi ta bakinsa. Sannan ya gyara tsayuwa ya yi mini tambayar da suke yi a kara, kasuwar shanu, kafin a sallama dabba, don can in saniya tana da ciwo, mai ita ne ke faɗa da bakinsa.

"Tana da aibi?"

"Tsufa ne kawai, Malam Shehu," na ce, "irin naka."

Ya yi dariya, ni ma na yi, tawa ta fi tasa ƙarfi.

Ranar kasuwa muka kama hanyar Shagari da hantsi. Ido ɗaya a kan titi, ɗaya a kan allurar da ke nuna zafin inji. Ina tafiya a hankali har masu babur ɗauke da buhu suna wuce mu. Da muka kusa gari na faka a gindin wata bishiya na ce zan kama ruwa, na shige bayan gero na tsaya ina ƙirga mintoci don injin ya huce. Da na fito Malam Shehu ya ce, "Tela, lahiya dai?" Na ce cikina ne. Ƙarya ta biyu ke nan da na yi masa, kuma ko wurin mai saye ba mu isa ba.

Muka shiga gari yana nuna mini hanya. Karya dama, na karya. Muka wuce wani masallaci mai koren fenti, na ce a raina na san masallacin nan. Muka wuce injin niƙa, shi ma na san shi. Da ya ce in shiga lungun da ke da bishiyoyin dogon yaro biyu a baki, sai na taka birki ban sani ba. Lungun nan na yi shekara guda ina sintiri a cikinsa da turare a jikina lokacin neman aure.

"Malam Shehu, ai nan layin su Hadiza ne."

"Awo," in ji shi. "Tsaya nan ƙohwar gidan."

Mai sayen motata surukina ne, mahaifin Hadiza (sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko a takarda, Baba nake ce masa). Sai a lokacin na gane dalilin ɓoye sunan. A wurinmu dattijo ba ya zama ya yi ciniki da mijin 'yarsa, akwai kunya a tsakani, dole sai da ɗan tsakiya. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a gefen tabarma, idona a ƙasa. Baba yana zaune cikin farar babbar riga ta shadda, wadda ni na ɗinka masa da Sallah. Shekara tara ina yi masa ɗinki, bai taɓa juya riga ya duba ba. Karɓa yake ya sa a wuya.

Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, na ji kana son rabuwa da mota, nac ce kada ta tahi hannun bare. Innakku ta, kowane wata sai an kai ta asibiti Sakkwato, motocin haya suna wahal da ita."

Malam Shehu ya ce, "Alhaji, ko a kira bakanike shi diba?"

"Motar ɗana za a diba? In da wani abu ai da ya hwaɗi." Sannan na ji muryar Baba ta juyo wajena. "Ko akwai, Malam?"

Ga ƙofa an buɗe mini. A raina na hango Inna, mahaifiyar Hadiza, tsohuwa mai hawan jini, zaune a bakin titi cikin rana, motar ta mutu. Na ji kunya, na ji tsoro, na tsani kaina. Amma ga Malam Shehu nan a gefe, wanda na ce wa tsufa ne kawai. Ina neman yadda zan fara, bakina ya riga ni.

"Babu, Baba."

"Madalla," ya ce, ya miƙe. "To, kai mu Horo Birni, ina da gaisuwa can."

Hanyar kuwa sai ta ratsa kasuwa. Duk wanda ya san Shagari ranar kasuwa ya san ba tafiya ake ba, rarrafe ake. Amalanke a gaba, jaki a gefe, babura suna kutsawa ta ko'ina. Abin da Kaka ta fi ƙi ke nan a duniya. Allura ta fara hawa, ni kuma na kasa zama wuri ɗaya a kujera. Ƙwanƙwasar ta dawo a hankali. Na yi tari don in rufe ta. Ta ƙaru, na ƙara tarin, har Malam Shehu ya miƙo mini goro daga baya.

"Mi ka bugawa haka?" in ji Baba.

Na ce ina jin hanya ce. Daidai nan, a tsakiyar 'yan albasa, inda Baba ya yi rayuwarsa yana saye da sayarwa, inda babu wanda bai san shi ba, Kaka ta yi shiru. Na murɗa makulli, ta yi nishi. Na sake, ko nishin babu. Wata babbar mota a bayanmu ta danna oda ba ƙaƙƙautawa.

Kafin in buɗe ƙofa Baba ya riga ni fita. Ya naɗe hannuwan rigarsa bisa kafaɗa ya ce, "Zamna, kai kas san kanta. Sa ta giya ta biyu." Na ce Baba don Allah, bai ko saurare ni ba. 'Yan kasuwa suka taso suna cewa Alhaji bari mu tura, ya ɗaga musu hannu ya ce, "A'a, motata ta." Haka na zauna daram a kujera, ƙato da ni, ina kallon surukina a madubi, mai furfura, ya dafa bayan mota yana turawa shi da Malam Shehu.

Na saki kuloci. Kaka ta yi wata ƙara kamar an harba bindiga, ta amayo baƙin hayaƙi haɗe da feshin man nan da na ɗura mata, kaf a kan farar rigar Baba, tun daga ƙirji har gwiwa. Ta yi taku goma ta mutu, wannan karon da gaske. Kasuwa ta ɗauki salati, daga baya dariya ta biyo. Na ji wani ya ce, "Alhaji, wa as saida maka wagga?" Wani daga kan buhu ya amsa masa da ƙarfi, "Surukinai na, telan Bodinga!"

Na fito na zube a cikin ɓawon albasa na faɗi komai, ringi, Ummaru, mazurari, har kama ruwan ƙarya na bayan gero. Baba ya saurara yana goge gemu da gefen rigar da ya rage fari.

"Tashi, Malam," ya ce a hankali, yadda ni kaɗai da Malam Shehu za mu ji. "Na san inji ba shi da lahiya. Iyalinka ta gaya ma innatta tun damina, na kuma aika an tambayi Ummaru. Niyyata in saye in gyara, in rage maka nauyi. Abin da nika jira ɗai, in ji daga bakinka." Ya dubi rigarsa. "Man giya ɗin ne ban sani ba. Wanga naka na."

Da ya zage ni, wallahi da na fi jin sauƙi.

Da igiya aka jawo Kaka zuwa Bodinga, a bayan motar albasa, ina ciki ina riƙe da sitiyari, kowa a hanya yana kallo. Ciniki dai ya watse. Ummaru ya sauke inji ya ce dabarata ta ƙara ɓata abin da da bai ɓaci ba, kuɗin keken nan suka tafi har da ƙari. Hadiza kuwa takan tambaye ni ko cikin nawa ya yi sauƙi. Yanzu ni ke kai Inna Sakkwato kowane wata, kuma ba wanda ya sa ni.

Na sayi shadda mafi kyau da na samu, na ɗinka wa Baba sabuwar riga, na kai masa da kaina. Ya karɓa ya sa albarka. Sannan, ina durƙushe a gabansa, ya juya ta ciki waje, ya bi kowace kalmasa da ɗan yatsa, daga wuya har ƙasa, bai yi sauri ba. Bai sami komai ba. Ya ce madalla.

Abin da na koya shi ne, in aka tambaye ni aibin abu, in faɗa tun a tambayar farko, don mai tambayar sau da yawa ya riga ya san amsa, ni yake dubawa. In kuma hali ya ƙi barina, to aƙalla in tambayi dillali lungun da mai saye yake kafin in tada mota. Kaka dai sati biyu ta yi a gareji ta warke sarai. Baba kuwa riga uku ke nan na ɗinka masa tun daga ranar, kuma kowacce sai ya juya ta.