Rasuwar Ɗan Gwanjo, Keken Turin Yaran Gidan Wilson

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Wilson na Unguwar Boro suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan gudu rasuwar keken turin yaransu mai ƙafa uku, wanda aka fi sani da Ɗan Gwanjo. Ya cika ranar Talata da sassafe, gari bai gama wayewa ba, ana yayyafi, a cikin kwatar da ke daf da babban titi. A bakin aiki ya rasu.

Babu wanda ya san inda aka haifi marigayin. Eunice matar Wilson, wato Maman Derrick, ita ta tsince shi a Kasuwar Barci, an jingine shi da tsofaffin katifu. Lokacin Derrick ko zama bai fara ba. Ita kuwa 'yar gudun dogon zango ce tun tana makaranta a Kagoro, irin masu gudun nan da mai kallo zai gaji ya tafi gida su ba su tsaya ba. Da ta haihu kowa ya ce to, an gama, har 'yan zumuntar mata suka taya ta murnar samun hutu. Wilson direban motar burodi ne a Kakuri, tun da duhu yake fita, babu mai riƙe mata yaro. Marigayin ne ya karɓi wannan aiki, bai taɓa yin ƙorafi ba.

Bai sha mai ba, bai nemi caji ba. Kullum da asuba a ɗaure masa yaro, Eunice ta kama ƙarfen bayansa, su miƙi hanya har Barnawa su juyo. Magana ɗaya gare shi duk rayuwarsa: kyiik, kyiik, kyiik. Masu shayi da ita suke ɗora ruwa. Masu Napep in sun ji ta sai su ɗan kauce, suna tsokanar madam wai wa ya biyo ta. A cikinsa Derrick ya yi haƙori, bel ɗin ɗaure yaro ya sha tauna. Da ya girma ya sauka ya bar wa ƙanwarsa Debby kujerar, ya koma bin uwarsa a ƙafa, in ya gaji ya ɗane gaba.

Ciwon ajalin ya samo asali ne a ranin bara, da rijiyar gida ta ƙafe. Philomena, Maman Amarachi ta ɗakin da ke kallon nasu, wadda ta fi kowa mitar wai kukan keken yana hana ta barci, ita ta fara aronsa ta ɗauko jarkoki daga bohol. Daga nan gidan haya duka ya gano hanya. Eunice tana gani, amma wa zai hana maƙwabci ɗiban ruwa? Tun daga lokacin marigayin ya fara karkata hagu, sai an yi ta danne shi kafin ya tafi daidai. Sau biyu ana kai shi wurin Anayo mai walda a Sabon Tasha. A na biyun Anayo ya goge hannu ya ce shi dai ya yi nasa, amma ƙarfe in ya gaji ya gaji.

Ranar Talatar suna kan gangaren nan da ke sauka zuwa babban titi, ƙasa ta jiƙe, sai aka ji ƙas. Eunice ta ga ƙarfen riƙewa a hannunta, keken kuwa ya yi gaba da Debby a ciki. A ƙasa tifofin yashi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya da fitilu a kunne. Ta yar da ƙarfen ta bi shi. Duk shekarun nan juriya ta koya, ba sauri ba, ta kuwa san haka tun a takun farko. Tana jin Derrick a baya yana kiranta, ba ta waiwaya ba. Tana miƙa hannu, keken yana ƙara nisa, kukansa ya haɗe ya zama ɗaya, kyiiiiik. Saura kaɗan ya hau kwalta, sai tsohuwar lalurarsa ta motsa. Ya karkata hagu, ya ƙara karkata, ya faɗa kwata da gefensa. Tifa ta wuce ta watsa masa ruwa. Bai sake cewa komai ba.

Debby ƙujewa kawai ta yi a goshi. Bel ɗin da yayanta ya tauna ya riƙe ta.

Marigayin ya bar Derrick da Debby, da jarkokin gidan haya waɗanda yanzu sai a ka, da kuma takalman gudun Eunice da suka shige ƙarƙashin gado tun ranar. Ya kuma bar gida shiru. Wilson ba mai faɗa ba ne. Ya daɗe yana duban goshin yarinyar, sannan ya ce a hankali, ɗansa ko 'yarsa ba za su sake hawa titi da asuba ba, ko a keken zinariya ne. Mahaifiyarsa ta bugo waya daga ƙauye ta ce mace mai 'ya'ya biyu, me kuma take bi. Ga shi ƙarshen wata mai zuwa ake tseren da za a zaɓi masu wakiltar jiha, wanda Eunice ta shekara tana shiri dominsa, ta kuma san ƙafarta ba za ta jira wata shekarar ba. Har yanzu tana farkawa a lokacin da ta saba. Sai ta zauna a bakin gado, yaran suna barci, tana sauraron tsakar gida. Maman Amarachi kuwa ba ta shigo gaisuwa ba, in sun haɗu a bakin rijiya kowa ƙasa take kallo.

Za a yi jana'iza gobe Asabar a ƙofar gida, inda za a miƙa gawar ga mai gwangwan. Tayar gaba an bar wa Derrick ya yi gare da ita. Bel ɗin ba za a bayar ba. Babu rumfa, babu shinkafa, ba a kuma sanar da Fasto ba. Ana roƙon masu zuwa kada a tayar da zancen gudu a gaban Baban Derrick.

Da an sa ƙarfe bakwai ne, amma an sami canji. Yau da asuba, bayan motar burodi ta tafi, ƙofar Maman Amarachi ta buɗe. Ta shigo ba sallama, ta ɗauki Debby ta goya, ta kamo hannun Derrick yana layin barci, ta koma da su ɗakinta. Ba ta ko dubi Eunice ba. Eunice kuwa ta durƙusa ta lalubo takalmanta.

Ga alama gobe ma haka za a yi, saboda haka an ɗaga jana'izar zuwa ƙarfe tara, sai babbar mai makoki ta dawo daga Barnawa ta yi wanka.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Sanarwa daga Sylvanus, ƙanin Eunice, a madadin iyali.