Jarumin da Yaya Ta Yi wa Aure

Muna yara a Bakura, Yaya Hajo ke karanta mana littafin wani jarumi mai yaƙar aljanu, muna kewaye da ita a tabarma. Na girma ina alfaharin na haddace shi.

Da aka yi fim ɗinsa, na ja abokaina gidan kallo a Talata Mafara. Sai ga jarumin ya mutu. Na miƙe na shaida wa jama'a an ɓata littafi, ai aure ya yi.

Na kai wa Yaya ƙara, ta yi dariya har da hawaye. "Akuya ta cinye ƙarshen littafin. Ni na yi mishi aure don kar ku yi kuka."

Har yau abokan nan ba sa gama gaisuwa sai sun tambaye ni lafiyar amarya.