Rasuwar Mai-Ƙararrawa, Tafiretar Malama Turai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma mai ɗaci wanda ba a cika ambatonsa a gidan makoki ba, Malama Turai ta Dutsin-Ma, tsohuwar malamar yaƙi da jahilci, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Dutsin-Ma da Kurfi har Barkiya rasuwar abokiyar zamanta, tafiretarta, wadda aka fi sani da Mai-Ƙararrawa. Ta cika ranar Talata da hantsi, da takarda a bakinta, layi bai kai ƙarshe ba. Ta bar marayu cike da akwati, kuma tun gawa ba ta yi sanyi ba aka zo neman riƙonsu.

Marigayiyar ta shigo garin nan kafin mulkin kai, a bayan babbar mota, naɗe da bargo. Wani jami'in gona da zai koma gida ne ya bar wa Malama ita, don ya gaji da ganin ana karya garmar shanu alhali bayaninta na nan kwance cikin Turanci, ba mai karantawa. Tun daga ranar aikinta ɗaya ne, rubuta takardun bayani da Hausa. Yadda ake haɗa garma. Yadda ake gauraya maganin iri da gyaɗa. Yadda ake zura zare a keken ɗinki, da yadda ake canza bel ɗin injin niƙa ba tare da ya tafi da yatsun mutum ba. Ba ta taɓa rubuta wasiƙar soyayya ba, ba ta rubuta ƙara zuwa gaban alƙali ba. Mai kamun kai ce.

Mutane suna cewa wanda ya iya aiki shi ya iya bayaninsa. Malama ta daɗe da daina yarda da wannan magana. Ta sha zaunar da makanikai masu hannu kamar na aljanu, ta ce su faɗa mata yadda suke yi, sai su sosa ƙeya su ce ai Malama haka dai ake yi. Marigayiyar ba ta san “haka dai” ba. Mataki ɗaya, layi ɗaya, da lambarsa a gefe. In ta kira abu murfi a sama, murfi zai zauna har ƙasan takarda, ba zai koma marufi a hanya ba. Gargaɗi kuwa da ja take buga shi, don ƙyallen tawadarta rabi baƙi ne rabi ja, kuma gaban mataki take sa shi, domin gargaɗin da ya zo bayan mutum ya riga ya ƙone hannu jaje ne kawai.

Ba ta sakin takarda sai an kai wa Kande mai daddawa. Kande ɗalibar Malama ce, karatunta a hankali yake kamar mai tsinkar zogale, ba ta kuma tsoron kowane ƙarfe. A miƙa mata takarda da abin da za ta haɗa, Malama ta zauna gefe ta kama bakinta. Duk inda Kande ta tsaya ta ce oh ni 'yar nan, ina kuma zan sa wannan, to laifin layin ne, a koma a sake bugawa. Maƙwabta sun san muryar marigayiyar a irin waɗannan ranaku: ƙat-ƙat-ƙat, ƙat-ƙat, ting! Sannan ƙurrr, ta koma farkon layi ba gunaguni. Da takardar kabon a cikinta tana haihuwar 'yan huɗu a lokaci ɗaya, ko da yake na ƙarshen kan fito da ɗan rauni, sai an kai shi rana ake karanta shi.

A zamaninta babu rumfar niƙa ko shagon tela daga nan zuwa Kurfi da ba a kafe takardarta da ƙusa a bango ba. Ilu mai injin niƙa na Kurfi har madubi ya sa wa tasa.

Ciwon ajali ya fara ne bara da kaka, lokacin da Saudatu ta dawo daga kwas aka ɗauke ta a ofishin gona. Saudatu dai Malama ce ta kama hannunta ta koya mata riƙe fensir, ta share mata hanci ba sau ɗaya ba. Ta dawo da wani ƙaton inji mai hannu, mai warin tawada, wai shi injin gurza takarda. A zana abu a kan wata takarda mai maiƙo da ake kira sitansil, a naɗa masa a ciki, a yi ta juya hannu, shi kuwa ya yi ta amayo takardu har sai an gaji da tsincewa. Ba ya tunani, ba ya ƙararrawa, ja ma ba shi da ita. Abu ɗaya gare shi: yana fitar da zane. Ga inji zaune a takarda kamar ka taɓa, ga bel, ga kibiya tana nuna inda hannu zai bi.

 Malama dai ta lura ƙafa ta ɗauke daga zaurenta. Sai ran nan ta je Kurfi barkar haihuwa, ta bi ta rumfar Ilu, ta tarar da zanen Saudatu cikin madubin nan, takardar marigayiyar kuwa an ninke ta an tokare ƙafar sikeli da ita. Ilu ya durƙusa har ƙasa yana ba da haƙuri, wai Allah ya ba Malama yawan rai, tata ta fi daɗin karatu, amma masu taya shi aiki ba su yi boko ba, su zane suke ganewa. Malama ta sa masa albarka da baki, ta kama hanya. Ta nemi takardar Saudatu ta kai wa Kande, ta zauna gefe tana jiran oh ni 'yar nan. Kande ta sa bel ta ɗaure noti, ta karkaɗe hannu, ta ce Malama ai wannan ko karatu bai sa ni ba. Mai makoki, wato Malama, tana roƙon jama'a su shaida cewa ba ta ce wa Kande uffan ba, daddawa ce kawai ta daina saye a wurinta na ɗan lokaci.

Marigayiyar ta ji labari, kuma ba ta da zuciyar da za ta bari yarinyar jiya ta fi ta. Ta ɗaura ɗamarar yin zane da abin da Allah ya hore mata. Ta jera ƙananan layuka su zama jikin inji, ta tara sifili su zama ƙafa, ta yi ta buga ɗigo a wuri ɗaya har takarda ta huje. Tun safe har la'asar, rana bayan rana, ana murza ta gaba ana dawo da ita baya, aikin da ba a ƙera ta dominsa ba. Da aka kammala aka kira Kande. Ta juya takardar sama, ta juya ta ƙasa, ta ce ma sha Allah Malama, wannan kwaɗo ne ko gadon ƙarfe? A ranar ƙararrawa ta dushe. Ting ɗin nan mai kaiwa bakin titi ya koma tik, kamar an jefa tsakuwa cikin tuwo. Aka sake gwadawa, haƙoranta suka fara cin karo da juna. Ranar Talata ana tsakiyar zana bel aka ji tas! daga cikinta, kanta ya zame ya tafi gefe ɗaya, bai dawo ba.

An kira Labaran mai gyaran agogo. Ya buɗe ta, ya leƙa, ya hura, ya ce Gwaggo sifirin ɗin da ke jan kanta ne ya tsinke, tsufa ne, irinsa kuma ko a Kano sai an dace. Mai makoki ta gode masa, amma ba ta karɓi wannan bayani ba. Ana cewa ƙarfe ba ya jin haushi. Masu faɗin haka ba su taɓa ganin aikinsu a ƙarƙashin sikelin Ilu ba.

Marigayiyar ta bar ƙyallen tawada biyu da ba a taɓa ba, da kabon da ya tsufa har ana hango rana ta cikinsa, da ɗan burushin da ke goge mata haƙora. Ta bar kuma 'ya'yanta na cikinta, asalin kowace takarda tun bugun farko har gyaran ƙarshe. Su ne Saudatu ta zo nema jiya. Ta cire takalmi tun daga zaure, ta yi gaisuwa yadda ya kamata, har da ƙwalla, abin da ya fi komai ciwo ke nan, don ba a sami inda za a kama ta ba. Ta ce Inna Malama, zane ba ya iya faɗin abin da za a fara da abin da za a bari, a ba ta marayun nan ta sa musu hoto su zaga ƙauyuka, in ba haka ba gara ce za ta gaje su. Mai makoki ta ce gara ma halittar Allah ce. Bayan fitar yarinyar ta buɗe akwatin, ta tarar garar ta riga ta fara karatu daga bayanin garma.

Game da jana'iza, ba za a kai marigayiyar maƙera ba, duk wanda ya zo da wannan shawara ya tsaya a waje. Za a goge ta, a naɗe ta da farin zane, a ɗora ta kan kabad inda za ta riƙa ganin mai shiga da mai fita. Ana karɓar gaisuwa a zauren Malama ranar Alhamis bayan la'asar. Ilu yana iya zuwa, ya taho da abin da ke ƙarƙashin sikelinsa. Marayu kuwa an yanke shawarar ba Saudatu riƙonsu, bisa sharaɗin kada ta taɓa jerin matakai, kuma tunda injinta bai san ja ba, ta kewaye kowane gargaɗi da baƙin layi mai kauri. Ta zo da kanta, kada ta yi aike, injin kuma ya yi zamansa a ofis. Ta riƙo zane-zanenta duka, har waɗanda ba a gurza ba tukuna. Mai makoki ta sa an gyara mata tabarau, za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa a dace da kuskure.