Ranar da Na Kai Hanifa Gaban Honarabul

Matso kusa ki ji, amma ki riƙe dariyarki sai na gama. Ba zan taɓa mantawa da abin da na yi a kan Hanifa ba.

Hanifa 'yata ce, shekararta takwas, ba ta iya minti biyar a kan kujera. Shugabar makarantarsu ta kira ni ta ce yarinyar tana da kai, hankalinta ne ba ya tsayawa wuri ɗaya, abin ma yana da suna a asibiti. In ba mu kai ta wurin kansila kafin hutu ya ƙare ba, ba za su karɓe ta zangon gaba ba. (Rabin maganar da Turanci ta yi. Na cafke kalma ɗaya, na yi ta gyaɗa kai kamar lauya.)

Washegari na ɗaura atamfar biki, na ja Hanifa sai gidan kansilan mazaɓarmu a Gwagwalada. Muka bi layi bayan masu neman rijiyar burtsatse. Da aka zo kaina na durƙusa na ce ranka ya daɗe Honarabul, na zuba masa komai: yadda take dawowa da takalmi ƙafa ɗaya, yadda na aike ta sayen magi ta dawo da ɗan kyanwa. Ita kuwa tuni ta haye kujerarsa mai juyawa tana ta wulwulawa.

Bawan Allah ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "To Hajiya, kwalbati zan yi mata ko taransfoma?"

Falon ya kece da dariya. Matarsa, wadda malamar asibiti ce, ta ja ni kicin tana share hawaye, ta ce wancan kansilan daban ne, mai ba da shawara ne, ba a zaɓensa. Ta rubuta mini inda za mu je.

Can aka koya mini in riƙa ba ta umarni ɗaya-ɗaya, in yabe ta nan take, a kuma zaunar da ita gaban aji. Magani sai in likita ya ga da buƙata. Makaranta ta karɓi takardar da aka ba mu a can, Hanifa ta koma ajinta.

Yanzu ko "zauna" aka ce mini da Turanci, sai na tambaya a kan wace kujera. Amma fisabilillahi, ke in an ce miki kansila, gidan wa za ki nufa?